Tawakkali a Lokacin Tsanani: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan ba sababbi ba ne. Ana jin su a zaman makoki, a layin karɓar magani, a bakin rumfar da wuta ta cinye, da cikin ɗaki tsakanin miji da mata idan hatsi ya ƙare wata bai ƙare ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 suka ƙara yawa, domin mutumin da a da yake riƙe da gida uku, yau da ƙyar yake riƙe nasa. An gina amsoshin a kan Alƙur'ani da hadisan da suka shahara. Wanda lamarinsa ke buƙatar fatawa ta musamman, ya nemi malamin da zai zauna ya saurare shi baki da baki.

Wai shin mene ne tawakkali?

Aikin zuciya ne. Ka yi abin da ke hannunka, sannan zuciyarka ta jingina ga Allah wajen sakamako, ba ga ƙoƙarin naka ba. Manomi yana sharar gona, ya kai taki, ya yi shuka, ya yi noma da maimai, amma ya san ruwan Agusta ba a hannunsa yake ba, don haka idan ya dawo gida yana iya barci.

Dubi yadda aka jera abin a Suratu Ali Imrana, aya ta 159: ka yi shawara da su, idan ka ƙudura niyya, sai ka dogara ga Allah. Shawara, sai azama, sai tawakkali. Ayar tana cikin bayanin abin da ya biyo bayan yaƙin Uhudu, inda Musulmi suka rasa mutum saba'in. Ke nan a cikin ciwo aka koyar da shi. A Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 3, Allah ya ce wanda ya dogara gare shi, to shi ma'ishinsa ne. Wannan ma a tsakiyar hukunce-hukuncen saki ta zo, lokacin da gida ke rushewa kowa yana tunanin ina zai dosa.

In dai an riga an rubuta komai, me zai sa in wahalar da kaina?

Domin ba a nuna maka abin da aka rubuta ba, amma an gaya maka abin da za ka yi. Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure taguwarsa ya yi tawakkali, ko ya sake ta ya yi tawakkali. Ya ce masa: "Ɗaure ta, ka yi tawakkali."

Babu wanda ya kai Annabi (SAW) dogaro ga Allah, amma ga yadda ya shirya hijira. Ya bar Sayyidina Aliyu a kan shimfiɗarsa. Madina tana arewa, shi kuwa ya yi kudu zuwa kogon Sauru, suka kwana uku shi da Sayyidina Abubakar. Asma'u 'yar Abubakar ta haɗa musu guzuri, ɗan'uwanta Abdullahi yana kawo labarin Makka da dare, Amiru ɗan Fuhaira yana bi da garken tumaki ana ba su madara. Aka ɗauki hayar ɗan jagora wanda ya san hanya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, alhali a lokacin ba Musulmi ba ne. Bayan duk wannan shirin, masu nemansu suka zo har bakin kogon. A nan ne, inda dabara ta ƙare, ya ce wa abokinsa: "Kada ka yi baƙin ciki, Allah yana tare da mu." Ran Uhudu kuma sulke biyu ya sanya.

Nana Maryamu tana cikin naƙuda aka ce ta girgiza kututturen dabino. Wace mai naƙuda ce ke da ƙarfin girgiza dabino? Amma sai da aka ce ta taɓa. Buhari kuma ya kawo daga Ibnu Abbas cewa wasu mutanen Yaman sukan zo aikin Hajji babu guzuri, suna cewa su masu tawakkali ne, in sun iso Makka sai su koma roƙon mutane. Sai aka saukar da umarnin yin guzuri a Suratul Baƙara, aya ta 197. Hatta hadisin da ake yawan kafa hujja da shi, na cewa Allah zai azurta masu tawakkali kamar yadda yake azurta tsuntsaye, cewa ya yi suna fita da safe da yunwa su dawo da yamma a ƙoshe. Fita suke yi.

Af, "Allah ya ce tashi in taimake ka" ba aya ba ce, ba kuma hadisi ba ne. Maganar mutanenmu ce. Ma'anarta ba ta saɓa wa addini ba, sai dai a daina jingina ta ga Allah kai tsaye.

Na yi rashi, na kasa daina kuka, ana ce min ba ni da tawakkali. Haka ne?

Ba haka ba ne, kuma masu faɗa miki haka sun ƙara miki nauyi a kan nauyi. Annabi (SAW) ya haifi 'ya'ya bakwai, shida sun rasu yana raye. Nana Faɗima kaɗai ta rage, ita ma wata shida ta yi bayansa. Da ɗansa Ibrahim yake gargara, bai kai shekara biyu ba, ya ɗauke shi idanunsa suna zubar da hawaye. Abdurrahman ɗan Aufu ya ce: "Har kai, ya Manzon Allah?" Ya ce masa rahama ce, sannan ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Buhari ne ya ruwaito.

Annabi Yaƙubu shi ne ya ce "haƙuri kyakkyawa", kuma shi ne idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusufu. Mutum ɗaya ne, a sura ɗaya. Da 'ya'yansa suka dame shi da cewa zai halaka kansa, sai ya ce shi ga Allah kaɗai yake kai kukansa da baƙin cikinsa. Bai ce ba ya jin ciwo ba.

Abin da aka hana a fili yake: marin fuska, yaga tufafi, kururuwa irin ta jahiliyya, da furta kalaman da ke nuna an ƙi hukuncin Allah. Hawaye ba ya ciki. Ganin takalmin yaro a bakin ƙofa bayan wata uku, zuciya ta karye, ba ya ciki. Kasa cin abinci kwana biyu ba ya ciki. Ki yi kukanki, ki riƙe harshenki da "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un".

Ta yaya zan gane ko jarrabawa ce ko fushin Allah?

Ba za ka gane daga girman musibar ba. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya tambaya su waye aka fi jarraba, aka ce masa annabawa, sannan na bayansu a daraja, sannan na bayansu. Da tsanani alamar fushi ne, da ba su za a fara ambata ba. Suratul Baƙara, aya ta 155, ta lissafo tsoro, yunwa, asarar dukiya, rayuka da amfanin gona, kuma da muminai ake magana.

Abin da ke hannunka shi ne duba inda musibar ta kai ka. In ta mayar da kai ga sallah da istigfari da mayar da haƙƙin mutane, alheri ce ko da zunubi ne ya jawo ta. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ko ƙaya ce ta soki Musulmi, ana kankare masa zunubi da ita. Game da musibar wani kuwa, ka kama bakinka. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, akwai masu saurin cewa alhaki ne. Wa ya ba su labarin gaibu?

Zuwa asibiti da shan magani kullum bai rage tawakkali ba?

Bai rage ba. Annabi (SAW) ya ce ku nemi magani bayin Allah, domin Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, ban da tsufa. Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo shi.

Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya iso wani wuri da ake kira Sarg, aka gaya masa annoba ta ɓarke. Bayan shawara ya ce a juya. Abu Ubaida ya ce masa: "Gudun ƙaddarar Allah?" Umar ya ce: "Ƙwarai, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah." Mai hawan jini da ya ajiye ƙwayarsa wai ya dogara ga Allah, da mai ciwon suga da ya daina zuwa gwaji, su auna kansu da wannan amsar.

Inda muka fi sakaci shi ne ciwon damuwa. Mutum zai yi makonni ba barci, ba cin abinci, ya daina fita, abin da yake so a da ya fita masa a rai, sai a ce raunin imani ne ko aljanu. A yi masa addu'a da ruƙiyya ta shari'a, babu laifi, amma a kai shi ga likita. Akwai asibitocin wannan fanni a Dawanau ta Kano, Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Nana A'isha, idan aka yi rasuwa a danginta, takan sa a dama talbina, wani kunu mai laushi, ta ce ta ji Annabi (SAW) yana cewa yana sanyaya zuciyar mara lafiya, yana rage baƙin ciki. Wato tun a wancan lokaci an san jiki yana da hannu a lamarin zuciya.

Wanda bai halatta ba shi ne boka da mai duba. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Kuma mai neman mafita a ruɗe shi ne kasuwarsu: a karɓe ɗan abin da ya rage masa, a haɗa shi gaba da kishiya ko ɗan'uwa.

'Yan bindiga sun addabi ƙauyenmu. In na kwashe iyalina, na gudu daga ƙaddara ke nan?

A'a. Annabi Musa ya fita daga Masar yana tsoro yana waige-waige, haka Suratul Ƙasas ta siffanta shi a aya ta 21. Sahabbai sun tsallaka Habasha a shekara ta biyar da aiko Annabi, da izininsa. A ƙasarmu ma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Tsare rai wajibi ne. Wanda kuma ya zauna don ba shi da inda za shi, ko saboda tsofaffin da ba sa iya tafiya, shi ma kada a zarge shi. Ya yi iya tsaron da zai iya, ya lazimci "Hasbunallahu wa ni'imal wakil", kalmar da Ibnu Abbas ya ce Annabi Ibrahim ya faɗa lokacin da aka jefa shi a wuta.

Shagona ya ƙone. Ina ta cewa da na yi kaza da hakan ba ta faru ba. Ya zan yi da wannan tunanin?

Allah ya mayar da alheri. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Muslim kamar don kai aka faɗe shi: ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gajiya, in wani abu ya same ka kada ka ce da na yi kaza da kaza ne zai faru, ka ce Allah ya ƙaddara, abin da ya so ya aikata, domin "da na" tana buɗe ƙofar aikin Shaiɗan. Abin da ya wuce an rufe shi da ƙaddara, kuma a nan sauƙin yake. Daren da ka yi kana maimaita yadda ka kulle shagon ba zai dawo da ko ƙyalle ɗaya ba.

Sai dai a lura, ƙaddara hujja ce a kan abin da ya riga ya faru, ba lasisin maimaita sakaci ba ce. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi mummunar gobara a 2016, Kantin Kwari ma ta sha yi, kuma duk ɗan kasuwa ya san irin abubuwan da ake magana a kai bayan kowace gobara: wayoyin lantarki da aka jona barkatai, kayan wuta da aka bari a kunne a kawo wuta da tsakar dare, teburan da suka toshe hanyar motar kashe gobara. A ce "tsautsayi ne" a yi jaje, sannan a mayar da wayar yadda take, wannan ba tawakkali ba ne. Annabi Yusufu ya tsara ajiyar hatsi na shekara bakwai, Annabi (SAW) kuma yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara. Raba jari gida biyu, adashi, ko shiga tsarin takaful (inshorar Musulunci), duk ɗaure taguwa ne.

An zalunce ni. In ce "na bar shi da Allah" ko in kai ƙara?

Duka biyun suna gabanka. Yafiya tana da lada mai girma, amma Suratush Shura, aya ta 41, ta ce wanda ya nemi haƙƙinsa bayan an zalunce shi babu laifi a kansa. Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan kan ƙwauron ciyarwa, ba a ce mata ta je ta dangana ba, an ba ta mafita. Khaula 'yar Sa'alaba ta yi ta jayayya kan lamarin aurenta har aka saukar da farkon Suratul Mujadala.

Abin da ke da ciwo shi ne yadda ake juya wa mai rauni wannan magana. Baffa ya danne gadon marayu, sai a taru a kan uwarsu a ce ta bar wa Allah don zumunci. Miji yana dukan mace, iyaye su ce "yi haƙuri, aure ibada ne". Haƙƙin maraya ba na uwarsa ba ne balle ta yafe. Kuma mai wa'azin haƙuri ya fara da azzalumin, in yana da ƙarfin halin.

Na daɗe ina addu'a, shiru. Ko ba a karɓa ne?

Imamu Ahmad ya ruwaito cewa babu Musulmin da zai yi addu'ar da babu saɓo ko yanke zumunci a cikinta face an ba shi ɗaya daga uku: a gaggauta masa, ko a ajiye masa sai lahira, ko a kawar masa da wani sharri kwatankwacinta. Na ukun ba ya ganuwa, shi ya sa muke zaton shiru ne. A Buhari da Muslim kuma an ce ana amsa wa mutum matuƙar bai yi gaggawa ya ce na roƙa ba a amsa min ba. Annabi Zakariyya sai da furfura ta game kansa aka ba shi Yahaya. Suratul Baƙara, aya ta 214, ta ba da labarin waɗanda aka girgiza har manzonsu da muminai suka ce yaushe taimakon Allah zai zo. Tambayar ba ta fitar da su daga imani ba. A duba abin da ake ci da sha kuma, domin haram tana tare addu'a.

Me zan riƙa karantawa?

Kaɗan da za ka dawwama a kai ya fi dogon wuridin da za ka bari bayan mako. Ga mai rashi ko asara akwai addu'ar Ummu Salama: "Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha." Ta faɗe ta ne da mijinta Abu Salama ya rasu, tana cewa a ranta wa ya fi Abu Salama, sai ga shi Annabi (SAW) ya aure ta. Ga wanda ƙunci ya rufe, addu'ar Annabi Yunusa: "La ilaha illa anta subhanaka inni kuntu minaz zalimin." Mara lafiya ya riƙe ta Annabi Ayuba a Suratul Anbiya, aya ta 83. Mai bashi ya nemi addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da nauyin bashi da rinjayen mazaje, tana cikin Buhari. Da fita daga gida: "Bismillahi tawakkaltu alallah, la haula wa la ƙuwwata illa billah." A san ma'anar abin da ake faɗa. Sallah kuwa, Annabi (SAW) cewa yake: "Bilalu, hutar da mu da ita."

Neman taimakon mutane ko cin bashi ya saɓa wa dogaro ga Allah?

Bai saɓa ba, in da buƙata. Annabi (SAW) ya rasu sulkensa yana jingine wajen wani Bayahude saboda sha'irin da ya karɓo wa iyalinsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take. Hadisin Ƙabisa a Muslim ya halatta roƙo ga mutum uku, ciki har da wanda annoba ta cinye dukiyarsa, har ya samu abin tsayawa da ƙafarsa. Magidanta da yawa kunya ke kashe su: yara sun kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, amma in an tambaya sai "Alhamdu lillahi, lafiya lau". Godiya ba ta hana ka gaya wa yayanka ko amininka gaskiya.

A guji bashin ruwa, musamman na manhajojin waya da ke tura wa duk lambobin da ke wayarka saƙon tozarci in ka makara. Mai bin bashi kuma ya tuna aya ta 280: in wanda ake bi yana cikin ƙunci, a jinkirta masa.

Wani lokaci nakan ji gara in mutu in huta. Na yi saɓo?

Jin hakan alama ce ta nauyin da kake ɗauke da shi. Nana Maryamu kanta ta ce ina ma ta mutu kafin wannan, kuma amsar da ta samu lallashi ce da ruwa da dabino. An hana mu fatan mutuwa saboda wata cuta. Aka ce in ya zama dole, mutum ya ce ya Allah ka rayar da ni matuƙar rayuwa ce ta fi min alheri, ka karɓi raina in mutuwa ce ta fi. Amma idan tunanin ya kai ga shirin cutar da kanka, kada ka kwana da shi kai kaɗai. Gaya wa wanda ka yarda da shi yau ɗin nan, ku je asibiti tare. Wanda aka gaya wa kuma kada ya buɗe da wa'azin wuta. Ya zauna da shi, ya kawar da abin da zai iya cutar da kansa da shi, ya raka shi.

Ni ne zan je ta'aziyya ko jaje. Me ya kamata in ce?

Kaɗan. "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya ba ku dangana" ya wadatar. Annabi (SAW) ya wuce wata mata tana kuka a bakin kabari, ya ce ta ji tsoron Allah ta yi haƙuri. Ba ta gane shi ba, ta ce ya rabu da ita, abin da ya same ta bai same shi ba. Sai ya wuce, bai ja da ita ba. Daga baya da ta zo da kanta ne ya gaya mata cewa haƙuri yana wajen bugun farko.

Da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya zo daga Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, umarnin da aka bayar shi ne a dafa wa iyalinsa abinci, domin abin da ya shagaltar da su ya zo musu. A wurare da yawa mun juya abin: gidan mamaci ne ke sauke tukwane don baƙi, wani lokaci da kuɗin marayu. Ka je da kwanon abinci ko mudun shinkafa, kada ka daɗe, kada ka tambayi yadda aka yi ya rasu in ba su suka fara ba. Sannan ka sake komawa bayan an naɗe tabarmi. Mai takaba wata huɗu da kwana goma za ta yi, kuma a cikin wata na biyu ne mai gidan haya da kuɗin makaranta suke zuwa. Ka tambayi nawa ne.